Amsar Baffa kan al'adar tara kifaye shida a tanki

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka, saƙonka ya iso gare ni, kuma na karanta shi a tsanake. Ka ce a tankinka mai cin lita 60 ka zuba kifayen ado iri huɗu, wato bab masu ratsin baƙi guda 3, neyon tetira guda 2, koridoras guda 2 da botiya guda 1. Yanzu babban bab ya addabi sauran da cizon wutsiya, neyon sun kode sun lafe a bayan na'urar tace ruwa, shi kuma botiya ka tarar da shi kwance a kan gefensa har ka ɗauka ya mutu. Daga nan ka tambaye ni ko al'adar nan ta masu kiwon kifi, cewa ba a ajiye irin waɗannan ƙasa da shida daga kowane iri, tana da tushe, ko kuwa dabara ce ta masu sayarwa don hajarsu ta ƙare.

Tana da tushe, kodayake shidan ba wata doka ba ce da aka gano a jikin kifi. Adadi ne da masu kiwo suka tsaya a kai bayan doguwar lura, domin ƙasa da shi ne matsala ta fi bayyana, kuma da yawa daga cikinsu za su ce maka takwas ko goma sun fi. Dubi neyon ɗin da kake da shi. Asalinsa ƙananan rafukan yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, tsawonsa bai wuce santimita 4 ba, ba shi da ƙaya mai dafi, ba shi da ƙarfin faɗa, kuma kusan duk abin da ya fi shi girma a ruwa ko a sama yana iya haɗiye shi. Abin da ya rage masa shi ne yawa, shi ya sa maganar nan ta sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ta dace da shi sosai. A cikin gungu idanu da yawa ke gadi, kowane kifi yana samun sararin sunkuyawa ya ci abinci yayin da wasu ke kallo, kuma mai farauta yakan rikice idan jikkuna masu kama ɗaya suka watse a gabansa lokaci guda. Neyon ɗin da ake sayarwa yau galibi a gonakin kifi aka haife su, ba su taɓa ganin mai farauta ba, amma wannan tsoro a jininsu yake. Idan ka bar su su biyu, gadin gaba ɗaya ya koma kansu, sai su rage cin abinci, su kode, garkuwar jikinsu ta yi rauni, kuma a irin wannan hali ne cutar fararen ɗigo ta fi samun kafa.

Yana da kyau ka san yadda suke riƙe juna. Ido yana da nasa aikin, amma a gefen jikin kifi, daga bayan kai zuwa gindin wutsiya, akwai wani siririn layi mai jin motsin ruwa, wanda da shi kifi ke sanin maƙwabcinsa ya juya. A 1976 masu bincike sun rufe idanun wani kifin teku, suka ga ya ci gaba da bin gungunsa matuƙar wannan layin yana aiki. Akwai kuma hanci. A 1938 masanin nan ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya lura cewa idan fatar wani ƙaramin kifin rafi ta ji rauni, tana sakin wani sinadari a ruwa wanda ke firgita 'yan uwansa. Tetira da bab da botiya duk suna cikin babban dangin da aka san shi da wannan. Ka auna da kanka abin da ke faruwa a ɗan ƙaramin ruwa idan ana cizon juna kullum, babu kuma inda za a gudu.

A nan ne mutane suka fi yin kuskure wajen karanta kifi. Mai sabon tanki yana so ya ga kifayensa sun haɗe wuri guda, kai ɗaya, suna juyawa tare kamar an ɗaure su da zare, idan kuma suka daina sai ya damu. Gaskiyar ita ce wannan matsewar galibi alamar tsoro ce. Ka lura da su ranar da aka zuba su, ko lokacin da ka tura hannu cikin ruwan, ko aka kunna fitila kwatsam: nan take za su dunƙule. Bayan kwanaki, idan hankalinsu ya kwanta, za ka ga ɗaya yana tsintar wani abu a jikin ganye, biyu suna ɗan kore-kore a tsakiya, wani ya tsaya a inuwa, amma duk suna inda za su iya hango juna. Wannan warwatsuwar ita ce lafiya. Akwai nau'o'in da matsewa ɗabi'arsu ce ko da babu abin tsoro, kamar tetira mai jan hanci, amma neyon ba ya cikinsu, saboda haka kada ka nemi kyan gani da abin da shi kifin yake ji a matsayin fargaba.

Batun bab daban ne, domin nasa ba tsoro ba ne kawai, neman girma ne. Wannan kifi na tsibiran Sumatira da Borniyo yana da tsarin babba da ƙarami a tsakaninsa, kuma kullum cikin gwada juna suke. Idan su goma ne, kore-koren yana rarrabuwa, babu wanda ake bi fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Idan su uku ne, babban yana da mutum biyu kacal da zai sauke wa, ƙaramin cikinsu kuma ba ya hutawa, sannan abin ya tsallaka kan maƙwabta masu sanyin iyo ko dogayen fukafukai. Ba mugunta ba ce a jikin wancan babban, kuma ko ka cire shi, na biyun zai hau kujerarsa.

Ka ga ke nan lissafinka na kifaye takwas bai zama gungu ba. Neyon ba ya ɗaukar bab a matsayin ɗan uwa, domin kifi ya fi son irinsa mai girmansa, kuma akwai dalili, tunda wanda ya fita daban a cikin taro shi mai farauta ya fi saurin zaɓa. Abin da kake da shi kaɗaici ne iri huɗu a akwati guda.

Game da botiya, kwanciya a kan gefe ɗabi'arsa ce, ya kuma tsorata masu kiwo da yawa da ita. Idan ka matso ya zabura ya yi iyo daidai, yana cin abinci, babu fararen ɗigo a jikinsa, to hutu yake yi. Wata rana za ka ji wani ƙas-ƙas daga tankin lokacin cin abinci, shi ne kuma yake yin sa. Damuwata da shi wata ce dabam: kifi ne mai son 'yan uwa ƙwarai, yana iya kai santimita 30, yana kuma daɗewa shekaru masu yawa, don haka gungunsa yana buƙatar tankin ɗaruruwan lita. Koridoras kuwa, idan ka ga ya harba sama ya haɗiyi iska ya dawo ƙasa, ba ciwo ba ne, yana iya shan iska ta hanjinsa. Sai idan abin ya yawaita, sauran kifaye ma suka taru a saman ruwa suna haki, sannan ka san iska ta yi ƙaranci ko ruwan ya ɓaci. Haka neyon yana kodewa da dare, launinsa ya dawo bayan haske ya fito, kodewar rana ce abin dubawa.

Shawarata ita ce ka rage iri, ka ƙara yawa. Ka nema wa botiya da bab ɗin mai babban tanki wanda ya riga yana da irinsu. Lita 60 za ta ɗauki neyon 8 zuwa 10 a tsakiya da ƙananan koridoras 6 a ƙasa, in ka shimfiɗa musu yashi mai laushi don kada tsakuwa mai kaifi ta cinye musu gashin baki, ka dasa ciyayin ruwa a baya da gefe, ka bar fili a gaba. Abin mamaki, yawan maɓoya shi ke sa su fitowa, domin kifin da ya san inda zai faɗa ba ya tsoron sarari.

Sai dai kada ka cika adadin a rana ɗaya. Kashin kifi yana fitar da amoniya mai guba, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin na'urar tace ruwa su ke sarrafa ta, kuma a sabon tanki sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su kafu, ko a tsohon tanki ma suna buƙatar lokaci su riski ƙarin kaya. Ka fara da neyon, ka jira mako biyu kana gwada ruwan, sannan koridoras su biyo baya. Sababbin zuwa ka killace su a wani ƙaramin tanki na mako 2 zuwa 4 kafin ka haɗa su da na gida, kana canza kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako da ruwan da aka cire wa kulorin. Kada kuma ka ɗora wannan al'ada a kan kowane kifi, domin namijin wani kifin ado da ake kira beta shi kaɗai ake ajiyewa, in ka haɗa shi da wani namiji faɗa za su yi har ɗaya ya jikkata.

Baffanka