Ɗan wana kurma ne ya gama sakandare, in ba shi jari ko in ci gaba da ba shi na kashewa?

Wani bawan Allah ɗan kasuwa daga wani ƙauye a yankin Gumel ya turo min tambaya. Hatsi yake saye da sayarwa, gero da dawa da wake, in kaka ta yi kuma ya taɓa riɗi da zoɓo yana kaiwa Maigatari ranar Alhamis. Yace ɗan wansa marigayi kurma ne, ya gama sakandare a makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki a Kano, amma tunda ya dawo gida yake zaune ba ya komai sai danna waya. Shi kuma ya ware naira dubu 300 yana so ya buɗe masa shagon tireda, sai 'yan'uwa suka taso wai asara zai yi, wanda ba ya ji ta ina zai yi ciniki, gara ya ci gaba da ba shi na kashewa duk wata kawai. Yace to wanne zai yi?

Alhaji, Allah ya jiƙan wanka ya saka maka da alheri kan riƙon maraya. Amsata a taƙaice ita ce duka biyun kar ka yi yanzu. Ka fara ɗaukar yaron nan aiki a wajenka, aiki na gaske mai albashi da lissafi, in ya goge sai maganar jari ta biyo baya.

Maganar 'yan'uwa in fara da ita don ita ta fi damuna. Na kashewa duk wata yana da daɗin ji, kowa zai ce Alhaji yana ƙoƙari, amma ka tambayi kanka yau in ka faɗi ciwo ko kasuwa ta juya maka baya ko ta Allah ta kasance, waye zai ci gaba da bayarwa? Yaron da aka kashe wa shekaru ana kai shi Kano ana ɗauko shi, ya iya rubutu ya iya lissafi, sannan a ce masa zauna mu ciyar da kai, wallahi an kashe masa zuciya ne kawai da sunan tausayi, kuma mu duk mun san inda wannan hanyar take ƙarewa a garuruwanmu, ranar da mai bayarwa ya gaji sai a ga saurayi da ƙarfinsa yana bin motoci a tasha da 'yar takarda a hannu. Ko alawus ɗin da gwamnatin Jigawa ta fara bai wa masu buƙata ta musamman a 2007 zamanin Sule Lamido, naira 7,000 a wata, taimako ne mai kyau amma ba wanda ya ce shi zai gina wa saurayi gida ya yi masa aure.

Amma kuma shagon tireda da dubu 300 a hannun wanda bai taɓa riƙe kuɗin kasuwa ba, nan ma ina jin tsoro, kuma tsoron ba na kurumtar bane. Ɗauki lafiyayyen yaro mai ji garau wanda ya fito daga makarantar kwana jiya ka damƙa masa shago a ƙauye, kafin wata uku bashi ya cinye shi. Gwaggo ta aiko a ba ta sukari da omo, kawu ya ɗauki taliya sai ranar kasuwa, abokai su zauna a benci su sha lemo a rubuta. Kai da ka daɗe a kasuwa ka san yadda ake haɗe rai a ce babu, shi bai koya ba tukuna, ga shi kuma mutane za su riƙa ganin ai kuɗin Alhaji ne sadaka aka yi masa, ba za su ji nauyin biya ba. In shagon ya mutu ba wanda zai ce bashi ne ya kashe shi, cewa za a yi ai dama mun faɗa kurma ba zai iya ba, shikenan an rufe masa ƙofa shi da duk wani irinsa a garin.

Abin da makaranta ba ta ba shi ba, kai kana da shi a rumfarka. Ka sa shi a gefenka daga wannan kakar, ka ba shi littafi da sikeli da kalkuleta. Harkarka ai rabinta ido ne da lamba: buhu nawa ya shigo, tiya 40 ta cika ko an rage, riɗin nan akwai yashi a ƙasan buhu ko babu, zoɓon ya bushe ko an yayyafa masa ruwa don ya yi nauyi, wake ya fara huda ko da saura, wa aka bai wa kuɗin sayen kaya a ƙauye kuma nawa ya dawo da shi. Duk wannan ba ya buƙatar kunne. Ni na sha tsayawa a rumfunan hatsi ina kallo, mai kaya yana ta surutu yana rantse-rantse don ya ɗauke hankalin mai awo, to irin wannan dabarar ba ta cin wanda idonsa ke kan tiya kawai. Ciniki kuma kalkuleta ta gama shi, mai saye ya danna tayinsa, yaro ya girgiza kai ya danna nasa, haka ma 'yan kasuwarmu suke yi in sun je ƙasashen da ba sa jin yaren mutanen.

Akwai abu ɗaya da mutane ba sa lura da shi. Maganar hannu da kuke yi da shi a gida tun yana ƙarami daban take da wadda ake koyarwa a makaranta, kuma karatun can da Turanci ake yinsa, saboda haka da yawa daga cikin yaran nan sun fi sakewa da rubuta Turanci kan Hausa. Kar ka rubuta masa doguwar Hausa ka ga ya yi shiru ka ɗauka ba ya ganewa ne ko ba shi da kai. Ku zauna ku biyu ku tsayar da alamominku na rumfa, wannan gero, wannan dawa, wannan bashi, wannan an biya, wannan a dakata. Kai ma ka sauke girma ka bar shi ya koya maka ƙirga da hannu irin na makarantarsu, sauran yaran shagon su ma su koya, cikin 'yan makonni zaka ga aiki yana tafiya ba tare da an nemi tafinta ba.

Sai albashi. Dan Allah Alhaji ka yanka masa abin da kake ba sauran yaranka masu irin aikinsa, kar ka rage don kurma ne, kar kuma ka ƙara don maraya ne. In kana son yi masa alheri ka yi daban a gida, daga aljihunka, ba daga akwatin rumfa ba. In ya makara ka yi masa faɗa kamar kowa, in lissafi bai cika ba ku zauna ku nemo inda ya ɓace. Wasu iyayen gida suna ganin kyautatawa ce su kawar da kai in irin yaran nan sun yi kuskure, alhali cutarwa ce, don ranar da ya tsaya da ƙafarsa kasuwa ba za ta kawar masa da kai ba. Kuma ka ja kunnen yaran shago da 'yan dako tun ranar farko, ba tsokana, ba jifa da tsakuwa don a kira shi, wanda zai yi masa magana ya zagayo ta gabansa ko ya taɓa kafaɗarsa. Ranar kasuwa kuma ka zaunar da shi inda yake fuskantar hanya, don hon ɗin babur ko na motar da take ja da baya ba zai ji ba, wannan kam maganar rai ce kar a yi wasa da ita.

To ina dubu 300 ɗin? Ajiye ta. In ya yi kaka ɗaya cur a hannunka ka ga littafinsa yana fita daidai, sai ka fara sakar masa a hankali. Ni da zan raba ta uku. Ka ba shi dubu 100 ya riƙa sayen riɗi ko zoɓo tiya-tiya a hannun manoma da matan gida yana tarawa, in ya cika buhu ya bi motarka zuwa Maigatari, ya sayar ya dawo ya sake juyawa. Kar ya yi ajiya da wannan kuɗin yana jiran tsada, ƙaramin jari juyawa yake so, kuma ka ga yadda farashin hatsi ya sauko a 2025 masu ajiya da yawa suka ji jiki, manya ma kenan balle mai farawa. In ya juya ta sau da yawa uwar kuɗi tana nan, sai ka ƙara kashi na biyu. Na ukun ka riƙe shi saboda ranar faɗuwa, don za ta zo, ba ɗan kasuwar da bai taɓa faɗuwa ba, kuma abin da yake kashe masu farawa shine faɗuwar farko ta same su ba abin tashi.

Kuma tun kafin ka miƙa kuɗin ka faɗa masa sunansu. Kyauta ce, ko rance, ko ƙiradi? In zakka ce ka fitar ka ba shi to ta zama tasa, ba ka da bakin tambayar riba. Ni ƙiradi nake ba ka shawara: kuɗi naka, aiki nasa, riba a raba bisa kason da kuka amince kamar rabi da rabi, ba wai a yanka masa wani adadi da zai riƙa kawowa duk wata ko an samu ko ba a samu ba, in kuma an faɗi ba da sakacinsa ba to asarar kuɗi taka ce, shi ya yi asarar wahalarsa. Ku je wajen malamin garinku ya warware muku sharuɗɗan, a rubuta a takarda da shaidu, kuma a cikin shaidun a samu wanda ya iya maganar hannu sosai don a tabbatar yaron ya fahimci abin da ya sa wa hannu. Ba rashin yarda bane, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi ta sauka. Takardar nan ita zata kare shi gobe in ba ka nan magada suka ce ai duk abin da yake hannunsa na babansu ne.

Asusun banki ya zama da sunansa, da NIN ɗinsa da BVN ɗinsa da layin wayarsa, ba na ƙaninsa ko na yaronka ba, lambar sirri kuma shi kaɗai. Ka koya masa kar ya saki kaya don an nuna masa alat a wayar mai saye, sai ya buɗe nasa asusun ya ga kuɗi sun zauna. Inda zai buƙaci taimako shine in an samu matsala sai an kira banki a waya, nan sai ku tsayar da mutum ɗaya amintacce da zai riƙa raka shi.

Duk wannan fa na gina shi ne kan cewa yaron yana son harkar hatsi, kuma a cikin saƙonka ban ga inda ka ce ka tambaye shi ba. Ka tambaye shi Alhaji. Wataƙila wayar da kuke ganin yana dannawa gyaranta yake sha'awa, ko ɗinki, ko walda, ko aikin sola da yanzu ya shiga ƙauyuka. In haka ne sai dubu 100 ta farko ta tafi kuɗin koyo da kayan aiki, ka nemo masa ubangida mai haƙuri a Gumel ko Haɗeja, ka riƙa leƙawa da kanka kana ganin ana koya masa ko aike kawai ake ta yi da shi. Ka kuma bar shi ya nemi tsofaffin ɗaliban makarantarsu da suke sana'a, kurame suna da zumunci mai ƙarfi a tsakaninsu, sukan san wane ubangida ne ya taɓa koyar da irinsu.

Takardarsa ta sakandare kuma kar a jefa ta ƙasan akwati. Akwai dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma a ƙarƙashinta aka kafa hukumarsu ta ƙasa. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, shi yasa ba zan ce ya zauna jiranta ba, amma duk sanda aka buɗe ɗaukar aiki a jiha ko ƙaramar hukuma ya cike fom ya rubuta lalurarsa a fili, haƙƙinsa ne. In kuma yana da sha'awar ci gaba da karatu, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimi na musamman, kuma makarantun kurame kullum suna buƙatar malamai da suka iya maganar hannu, ribar riɗin nan ma zata iya biya masa kuɗin jarrabawa.

'Yan'uwa kuma kar ka tsaya musu da su. Ka fara samun mahaifiyarsa ka yi mata bayani don ita ce zata fi jin tsoron fitarsa, ka gaya mata a rumfarka zai zauna kuma tare zaku riƙa dawowa. Daga nan ka saya masa littafi mai kauri da biro, ranar Alhamis mai zuwa ku tafi Maigatari tare ya fara da rubuta buhunan da aka sauke da kuɗin dako da la'ada. In kaka ta wuce ka ɗauki hoton shafukan ka turo min mu duba tare kafin ka saki dubu ɗarin farko.