Ƙanwata mai son zuwa Faransa ta buɗe kocin, ga amsarki

Ƙanwata na saurari vokal ɗinki, kuma a fili zan ba ki amsa don ba ke kaɗai ba ce, kusan kowane sati sai wata daga Tawa ko Yamai ta turo mini irin wannan saƙo, ni kuwa na gaji da maimaita magana ɗaya a salula. Ba zan kama sunanki ba. Kin ce aurenki ya mutu, kin yi jinya mai tsawo, Allah ya ba ki lafiya, yanzu kina so in taimake ki ki samu bizar karatu ki zo nan Liyon ki buɗe kocin irin nawa, wato sana'ar ba mutane shawara kan rayuwa da aiki, ki riƙa ba mata labarin yadda kika faɗi kika tashi suna biyan ki. Alhamdu lillahi da lafiyar da kika samu, wallahi na yi miki murna har raina. Sauran maganar kuma sai kin yi haƙuri da yayarki.

Biza dai ke ma kin sani, ambasad ɗin Faransa a Yamai a rufe take tun farkon Janairun 2024, jirgin Air France ma ya daina sauka tun 2023, saboda haka tun kafin a zo kan karatu sai kin kashe kuɗin mota da na masauki a wata ƙasa. In an wuce nan za su ce ki nuna kuɗin zama na kowane wata, a 2025 yuro 615 ne, jika 400 da 'yan kai ke nan a sefa, na shekara guda miliyon biyar saura kaɗan, ban da kuɗin jirgi, ban da na makaranta wanda a 2019 aka ɗaga wa waɗanda ba 'yan Turai ba zuwa yuro 2,770 a lisans da 3,770 a master, ko da yake wasu jami'o'in suna yafewa. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 ne. Wa zai ajiye miki wannan kuɗin? Kar ki ce ni, don Allah.

To a ce ma duk an samu kin sauka. Ga abin da babu mai gaya muku: takardar zama ta ɗaliba ba ta ba ki damar buɗe sana'ar kanki. Abin da aka yarda miki shi ne ki yi wa wani aiki ya biya ki albashi, awa 964 a shekara, wajen awa 20 a sati. Kocin kuwa sana'ar kai ce, sai kin yi rajista an ba ki lambar SIRET kina rubuta faktir, wannan kuma wata takardar zama ce daban da ake nema a prefektir, a nuna musu sana'ar za ta ci da ke. Wadda ta ce bari ta yi a ɓoye tana karɓar kuɗi hannu da hannu alhali kuma ba ta zuwa aji, ranar da ta je sabunta sejur, wato takardar zaman, aka ce ina sakamakon jarabawa, ranar za ta gane tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya dubu ba ta fid da shi. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa da suka ci bak da mansiyo a gida sun koma ba takarda a nan, ba su iya gaba ba su iya baya, iyayensu can suna faɗi a gari cewa ɗiyarsu tana Turai.

Kin ce "irin naki Yaya". Hotuna kike gani. Ni aure ya kawo ni ƙasar nan, takarduna ɗaure da na mijin, da abin ya lalace na fita da jaka ɗaya cikin sanyin hunturu, na kira 115 da ake kira in mutum ba shi da wurin kwana, wani dare a ce akwai gado wani dare a ce ki sake kira gobe. Na zauna foye, gidan da ake sauke marasa wurin kwana. Na yi ciwon damuwa har wanka sai an ce mini tashi ki yi, na sha maganin likita, kuma ba ni jin kunyar faɗi ko da can gida an ta yaɗa cewa iska ce ta taɓa ni, wasu ma cewa suka yi alhakin miji ne, mutanen da ko gaisuwa ba su aiko ba ina kwance. Bayan na miƙe share biro na yi, in fita kafin asuba in kama metron farko, da rana in je gidan tsofaffi in yi musu wanka in sauya musu ƙunzugu. Da kuɗin wannan aikin na biya formasiyo, ba wanda ya ba ni dala. Su waɗancan masu maganar iska yau su ne ke turo mini 'ya'yansu in yi musu hanya. Allah dai ya kyauta.

Kuma ki ji da kyau, ba labarin nan nake sayarwa ba. Labarin wahala tuwon biki ne, kowa zai miƙa hannu ya ci, babu mai biya. Mutane za su taru su saurare ki, su yi hawaye, su rubuta miki "Allah sarki jaruma", in mata ne ma rabinsu so suke su ji me ya kashe auren, wane ne mijin, ya ƙara aure ko bai ƙara ba. Kin faɗa sau ɗaya sun ji, shi ke nan, gobe me za ki kawo musu? Na san masu irin haka da sai sun riƙa tono tsohon ciwo suna ƙara masa gishiri don a ci gaba da kallon su a TikTok, har ciwon ya dawo musu sabo. Ke da kika warke jiya jiya?

Abin da ake biya na a kai ƙaramin abu ne ba ya da armashi a hoto. Mace ta zo daga Mali ko Gine ko Nijar, tana da shekara goma tana renon yara ko tana kula da tsofaffi ba diplom, in zauna da ita mu rubuta CV, mu gwada antiretiyan ina matsayin patron ina yi mata tambayoyi masu zafi har ta daina sunkuyar da kai, don mu an koya mana kallon babba cikin ido rashin kunya ne su kuma nan in ba ki kalle su ba sai su ce kina ɓoye wani abu. Mu cika dosiyen VAE, hanyar da ake mayar da aikin da mutum ya daɗe yana yi ya zama diplom. In ta samu aiki ta gaya wa ƙawarta. Kuma mafi yawan kuɗina ma ba daga aljihun matan yake fitowa ba, asosiyasiyo ne da cibiyoyin unguwa ke ɗaukata in yi musu atilye su biya, bayan sun ga takardar shaidata da lambar rajistata. Su ma wani lokaci sai faktir ta yi watanni kafin a biya ta, mai gidan haya kuwa bai san wannan ba.

Namu mutanen fa? Hmm. Akwai wata Asabar da na kama ɗaki a unguwar Giyotiyar na ce atilye ne na matanmu, yuro goma kowace, na dafa shinkafa da miya na yi bisap. Sun zo sun cika ɗakin, gyale iri iri, turare kamar ana suna, aka ci aka sha aka yi hotuna. Da aka tashi na ajiye kwano bakin ƙofa, wata hajiya ta dafa kafaɗata ta ce "haba ɗiyata, magana ce fa kawai kika yi, ai don Allah ake yin irin wannan". Ta ɗauki ragowar bisap ta sa a jaka. Abin da ya taru a kwanon bai biya hayar ɗakin ba. Wannan hajiyar dai ba ta taɓa ce wa mai kitso ta yi mata don Allah ba. A wurinmu shawara ba haja ba ce, abu ne da gwaggo ke ba ki kyauta tana tsinkar zogale, kuma wannan tunanin yana shiga jirgi tare da mu, ba ya tsayawa a filin jirgin Diori Hamani.

Sai lampo. Duk abin da ya shigo sai kin faɗa wa URSSAF, hukumar da ke karɓar kason gwamnati daga masu sana'a, su ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu, ba ruwansu da kuɗin da kika kashe wajen hayar ɗaki ko tikitin jirgin ƙasa. Watan Agusta kowa ya tafi hutu ba kiliya ko ɗaya. Ba albashi, ba hutun da ake biya. Shi ya sa na daɗe ina riƙe da aikin tsofaffin nan gefe guda ko bayan na buɗe, kuma har gobe in ta kama zan koma, ba abin kunya ba ne.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi tsorata ni. Wata rana muna tsakiyar aikin CV da wata baiwar Allah, ina tambayarta shekarun da ta yi a wani aiki, sai ta ajiye bik ta ce ita fa ta tara magungunan barci a cikin gwangwanin madara, jira kawai take yara su tafi hutu. Murya lafiya lau ta faɗa, kamar mai ba da labarin cefane. Jikina ya mutu. Abin da ya cece mu shi ne a formasiyo an nanata mana cewa koci ba likita ba ne, akwai inda aikinki ya ƙare. Na rufe kwamfuta, muka kira 3114 tare, lambar da aka buɗe a 2021 don masu tunanin kashe kansu, ban bar ta ta fita ita kaɗai ba. Da a ce abin da nake da shi kawai "ni ma na shiga na fita, ki yi haƙuri ki yawaita addu'a", ban san me zai faru ba. Don kin warke ba ya nufin kin iya warkar da wata. Matan da labarinki zai janyo su ne masu irin ciwonki, wasu nasu ya fi naki, kuma dare za su riƙa kiran ki. Kin shirya?

Ki kiyayi masu sayar da formasiyo a Facebook da WhatsApp, waɗanda ke cewa sati biyu kin zama koci ta ƙasa da ƙasa ga atestasiyo mai hatimin zinare. A Faransa kocin ba sana'a ce da doka ta tsare ba, kowa yana iya tashi da safe ya sa wa kansa sunan, shi ya sa 'yan damfara suka cika wurin, hukumar hana zamba ta DGCCRF da ta bincika ta fitar a 2023 cewa kusan 80 cikin 100 na waɗanda ta duba suna da matsala. Idan takarda ake so mai daraja a nan sai wadda ke cikin RNCP, rajistar takardun sana'a da gwamnati ta amince da su, ko ta ICF, ƙungiyar masu kocin ta duniya, su kuma matakinsu na farko ma sai awa 60 na karatu da awa 100 na aiki da mutane. Duk wanda kuma ya ce ki biya ki shiga sannan ki kawo mutum biyu su ma su kawo biyu, ki gudu.

Ni abin da ke ba ni mamaki me ya sa sai Liyon. Nan in kin zo ke baƙuwa ce mai koyon yadda ake sayen tikitin bas, wa za ki koya wa rayuwa? A Tawa kuwa kin san gari gari ya san ki. Ga ɗaliban jami'a suna fitowa duk shekara ba su iya rubuta takardar neman aiki a ONG ba. Ga matan Adar da mazansu ke Abijan da Libiya cin rani, su ke riƙe da gida da kuɗin da ake turowa ta Nita da Amana. Ga ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi tun 1991, matan nan ba su buƙatar wata ta ce musu su yarda da kansu, sun fi ni da ke ƙarfin zuciya, abin da wata ke nema shi ne a zauna da ita a raba mata uwar kuɗi da riba a kaye, ta gane me ya sa take sayar da ƙuli-ƙuli kullum amma jari yana narkewa. Kin yi karatun kwantabilite, wannan shi ne kayanki ba mutuwar aure ba. Kuma da Hausa za ki yi, harshen da tun 2025 shi ne harshen ƙasa a hukumance, ni nan sai na yi ta karya harshe da Faransanci. Ba na ce miki can za a biya da sauƙi ba, hajiyoyi masu "don Allah" can ne gidansu, amma can kina kwana ɗakin Inna ba haya, in wata ya zo ba kiliya ba za ki kira 115 ba.

Ga abin da zan iya. Ki samu mata kaɗan masu ƙaramar sana'a ki yi aiki da su wata uku, ki sa kuɗi ko jika ɗaya ne, kar ki yi kyauta ko ga 'yar ɗakinku. Ki rubuta abin da kowace ta zo da shi da abin da ya sauya. Duk Lahadi da yamma ki kira ni mu duba tare, zan turo miki kayan aikina in nuna miki yadda nake tsara zama. In ya kama sai a yi maganar rajista da NIF, lambar lampo, a Maison de l'Entreprise. Takardar ɗaukar nauyi kuwa ba zan sa hannu ba, kuma kar a turo mini Kawu ya roƙe ni don amsar ɗaya ce. Maganinki kuma kar ki daina sai likita ya ce. Ki gaishe mini da Inna da jiki.