Tambaya da Amsa: Shekarun Kamfanin Shell a Bakin Tekun Najeriya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a garin Tahoua, kuma tun ina yaro nake ganin 'yan ruwa-ruwa suna shigo da man Najeriya ta Birnin Konni. Kwanakin baya na ji a rediyo cewa kamfanin Shell ya sayar da rijiyoyinsa na yankin Neja Delta, sai ɗalibaina suka tambaye ni dalilin da ya sa mutanen wurin suke kuka da kamfanin da ya tono musu arziki. Don Allah a ba mu tarihin zamansa a can, tunda mu ma yanzu ƙasarmu Nijar ta shiga sahun masu fitar da mai.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara basira. Ka fara shaida wa ɗalibanka cewa wurin da ake magana a kansa ba baƙo ba ne gare mu, domin kogin Isa, wato Neja, da ke ratsa Yamai a ƙarƙashin gadar Kennedy shi ne yake gangarawa kudu, ya rarrabu zuwa rassa barkatai a cikin fadama da kurmi kafin ya zuba a tekun Atlantika. A nan ne Ijaw da Ogoni da Itsekiri da sauran ƙabilu suke zaune, kuma tun kaka da kakanni abincinsu yana fitowa ne daga kamun kifi da noman rogo da doya.

A shekarar 1938 Turawan mulkin mallaka na Ingila suka bai wa kamfanin, wanda a lokacin ake kira Shell D'Arcy, izinin neman mai a duk faɗin Najeriya. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, bayansa aka koma, sai a watan Janairun 1956 aka dace da mai mai yawa a Oloibiri, cikin jihar Bayelsa ta yanzu. A 1958 aka fara fitar da shi zuwa ƙetare, kimanin ganga 5,100 a kowace rana. Ka lura da shekarun nan, Malam: man ya fara fita ne shekara biyu kafin Najeriya ta samu 'yancin kai, wato an tsara yadda za a haƙa shi da yadda za a raba kuɗinsa tun kafin a sami gwamnatin 'yan ƙasa mai cikakken iko.

Daga baya gwamnati ta shiga harkar da ƙarfinta. Najeriya ta zama mamba a ƙungiyar OPEC a 1971, ta kafa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, a 1977, sannan a 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kason kamfanin BP na Ingila, abokin haɗin gwiwar Shell. Haɗin gwiwar ya ƙare a kan kashi 55 cikin ɗari na NNPC, 30 na Shell, 10 na kamfanin Faransa da yanzu ake kira TotalEnergies, 5 kuma na Agip. Shell ce ke gudanar da aikin har zuwa 2025, amma mafi girman kaso na gwamnati ne, kuma duk wanda ya manta da wannan zai ɗora wa kamfani laifin dukansa, ya bar abokin cinikinsa ya sha.

A ganina tushen kukan yana cikin dokoki, tun kafin a zo maganar malalar mai. Dokar man fetur ta 1969, wadda aka yi ana tsakiyar yaƙin Biyafara, ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasar kanta a hannun gwamnonin jihohi. Manomin da aka ratsa gonarsa da bututu sai ya zamana ba a biyansa kuɗin ƙasar, abin da ya shuka a kai kawai ake yi wa ƙima. Kason da ake mayar wa yankin da arzikin ya fito, wanda a lokacin samun 'yanci rabi ne cur, aka yi ta zaftare shi har ya koma kashi ɗaya da rabi cikin ɗari a shekarun 1980, kafin tsarin mulkin 1999 ya ɗaga shi zuwa 13. A duk tsawon wannan lokaci bututai suna tsufa suna tsiyaya a cikin rafukan da ake kamun kifi, iskar gas kuma ana ƙone ta dare da rana a gefen ƙauyuka, duk da cewa doka ta haramta hakan tun daga 1984.

Tura ta kai bango a ƙasar Ogoni. A 1990 marubuci Ken Saro-Wiwa da abokansa suka kafa MOSOP, ƙungiyar kare haƙƙin Ogoni, ranar 4 ga Janairun 1993 kuma mutane kimanin 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, abin da ya sa Shell ta daina haƙar mai a yankin a cikin wannan shekara. Bayan kisan wasu shugabannin Ogoni huɗu, gwamnatin Janar Sani Abacha ta gurfanar da Saro-Wiwa da mutum takwas a gaban kotu ta musamman, aka rataye su a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995, aka kuma dakatar da Najeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Iyalansu sun kai ƙarar Shell a birnin New York bisa zargin haɗa baki da sojoji. A 2009 kamfanin ya biya dala miliyan 15.5 aka rufe shari'ar, yana mai cewa bai amsa laifi ba.

Girman ɓarnar bai fito fili sosai ba sai a 2011, lokacin da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni. A ƙauyen Nisisioken Ogale an tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. Rahoton ya ce gyaran yankin zai ci shekara 25 zuwa 30. Shell dai ta daɗe tana cewa mafi yawan malalar ɓarayin mai ne ke jawo ta, masu huda bututu suna tace man a daji, kuma babu shakka wannan sata tana nan, ta kuma ɓata ruwa ƙwarai. Sai dai a garin Bodo kamfanin ya amsa cewa bututunsa ne ya lalace a 2008, ya biya fam miliyan 55 a 2015. A Janairun 2021 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar Holan ta ɗora wa reshensa na Najeriya alhakin malalar ƙauyukan Oruma da Goi, bayan shekara goma sha uku ana shari'a, har wasu daga cikin manoman da suka shigar da ƙarar suka riga mu gidan gaskiya.

Cinikin da ka ji a rediyo an sanar da shi a Janairun 2024, aka kammala a Maris na 2025, mai sayen kuma gamayyar kamfanoni ce mai suna Renaissance, galibinsu na 'yan Najeriya. Shell ba ta bar ƙasar ba. Ta janye ne daga tudu da fadama, inda akwai jama'a da ƙorafi, ta riƙe rijiyoyin cikin teku irin su Bonga da hannun jarinta a kamfanin gas na tsibirin Bonny. Abin da ke damun mazauna yankin shi ne wanda zai ɗauki nauyin share dattin shekaru sittin da ɗoriya, tsohon mai gida ko sabo.

Game da namu kuwa, Agadem, inda ake haƙar man, hamada ce a jihar Diffa, ba fadama ba, kuma kamfanin CNPC na ƙasar Sin ne ke aikin, wanda ya kai ga buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a 2011. Amma bututun da ya kusa kilomita 2,000 zuwa gaɓar Seme ta ƙasar Benin ya ratsa gonaki da makiyaya, har da na jiharku ta Tahoua, kuma inda Ogoni ke tsoron rafinsa, makiyayinmu rijiyarsa yake tsoro. Dokarmu ta tanadi a mayar da kashi 15 cikin ɗari na wasu kuɗaɗen mai ga yankunan da ake haƙarsa, don haka ya halatta ɗalibanka su tambayi hukumomin yankinsu ko kuɗin yana isowa, da kuma abin da yarjejeniya ta ce ranar da bututu ya fashe. Maƙwabciyarmu Chadi ta riga ta ɗanɗana: a 2013 ta dakatar da wannan kamfani na CNPC saboda zubar da ɗanyen mai a ramuka, a shekarar da ta biyo baya ta ci shi tarar dala biliyan 1.2, sannan aka daidaita a kan miliyan 400.