Tsohon tsiro: a dafa giya da shi ko a zubar?

Ɗana, ka ce akwai buhun tsiron sha'ir (wato sha'ir da aka jiƙa ya tsira, aka busar) da ya kusa shekara biyu a ajiye, kana tambaya ko zai yi giya ko kuwa asara ta riga ta auku. Kada ka yi gaggawar zubarwa, kada kuma ka yi gaggawar ɗora tukunya. Laima ce babbar abokiyar gabar tsiro, ta fi yawan watanni ɓarna nesa ba kusa ba. Ana busar da shi har ruwan da ke jikinsa ya koma kusan kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, kuma muddin ya zauna haka, a rufe, a wuri mai sanyi, ba a ɓarza shi ba, yakan haura shekara lafiya lau. Wanda aka riga aka ɓarza shi ne abin tsoro, domin iska ta samu ƙofa, cikin 'yan watanni ƙanshinsa ya gudu.

Ka fara da hanci. Zura hannu can ƙasan buhun, kada ka tsaya a sama, ka ɗebo ka murtsuke a tafin hannunka ka shinshina. Idan ka ji warin fumfuna, ko ka ga ƙwayoyin sun dunƙule sun yi kore ko baƙi, magana ta ƙare, ka zubar da shi gaba ɗaya. A nan ba na sassauci ko kaɗan. Wasu nau'o'in fumfuna suna barin guba a cikin hatsi, kuma tafasa ba ta kashe ta, ko da ka kwana kana hura wuta. Akwai ma wadda ke sa giya ta yi ambaliya da zarar an buɗe kwalba. Ƙwari kuwa, in 'yan kaɗan ne, kwana uku ko huɗu a firiza sun isa, sai ka tankaɗe. In sun mayar da cikin ƙwayar gari, babu abin da ya rage maka.

Sai haƙori. Tauna ƙwaya biyar ko shida. Mai kyau yana fashewa garas, ya narke a baki da ɗan zaƙi. Wanda ya sha laima yakan yi danƙo, ya lanƙwashe a haƙori. Irin wannan ko a injin ɓarza ba ya fashewa yadda ake so, lallatsewa yake yi. In kuma ka ji ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali, man da ke cikin ƙwayar ne ya lalace, kuma wannan ɗanɗanon zai bi ka har cikin kofi.

Abin da hanci da haƙori ba za su gaya maka ba shi ne ko sinadaran da ke mayar da sitaci sukari suna nan da ƙarfinsu. Manyansu biyu ne, alfa-amiles da beta-amiles, kuma na biyun ya fi rauni. Don haka ka yi ɗan gwaji kafin ka sadaukar da yini guda. Ɓarza giram 100, ka dama da ruwan zafi mililita 300 yadda haɗin zai tsaya a digiri 66 na Salshiyos, ka rufe a fulas awa ɗaya. Sannan ka ɗiga ruwan kaɗan a farin faranti, ban da ɓawo, ka sa masa ɗigon aidin, maganin nan da ake shafa wa ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu, da sauran sitaci. In launin aidin bai canja ba, ruwan da ke fulas ɗin kuma ya yi zaƙi yana manne wa yatsa, tsironka na da rai. Abin da aidin ya taɓa ka zubar, kada ya koma tukunya.

Idan sitacin ya koma sukari amma a hankali, to ba shi lokaci ranar dahuwa. Maimakon minti 60, ka bar shi minti 90, ka riƙe zafin tsakanin digiri 64 da 66, kana motsawa jefi-jefi. Ni na fi son a raba biyu, rabi tsoho rabi sabo, sabon ya ɗauke wa tsohon nauyi. Kada kuma ka ɗora masa ɗanyen hatsi, wato wanda ba a tsirar ba, a wannan dahuwar, ƙarfinsa da kyar zai ishi kansa. Gasasshen tsiro da na karamel ba su da waɗannan sinadarai tun asali, launi da ƙanshi ake nema a wurinsu, don haka su hanci kaɗai ke yanke musu hukunci.

Ka zaɓi giya mai duhu da ɗan nauyi. Fara mai sauƙi ba ta ɓoye aibi. Kuma in yis da furen hops ɗinka, mai ba giya ɗaci da ƙanshi, tare aka ajiye su da buhun nan, ka nemo sababbi, don sun fi tsiro saurin tsufa. Ka auna ruwan da haidiromita, ma'aunin da ke nuna yawan sukarin da ke ciki, kafin ka zuba yis, ka rubuta lambar, ka kawo mini mu gwada ta da abin da sabon tsiro ke bayarwa.