Shugaban sashe ya riƙe takardata, lokacin CAMES na ƙurewa

Metir lauya, salamu alaikum. Ni malamin jami'a ne a Maradi. Ina haɗa dosiyena na neman matsayin Maître-Assistant (wani mataki na ƙarin girma ga malaman jami'a) a CAMES, amma shugaban sashenmu ya riƙe takardar shaidar awoyin da na koyar, kullum sai "dawo gobe". In kai ƙara kotu?

Wa'alaikumus salam, Dakta. Kotu tukuna. Fara sanin hannun da ke riƙe da maganarka, don hannuwan biyu ne.

Na farko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da aka kafa a Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Kwamitocinta na ƙwararru suna zama sau ɗaya a shekara, galibi a watan Yuli, su auna maƙaloli da koyarwar ɗan takara, su sa sunansa a jerin waɗanda suka cancanta ko su ɗage shi. Hukuma ce ta ƙasashe da yawa, alƙalin Nijar ba zai sake auna darajar bincikenka ba. Wanda aka ɗage, hanyarsa ita ce ya karanta abin da masu dubawa suka rubuta, ya gyara, ya sake nema.

Na biyu jami'arka, wadda dosiye ke bi ta hannunta. Nan matsalarka take, nan ne kuma doka ke ba ka bakin magana, domin hana ma'aikaci takardar da ya cancanta mataki ne na hukuma, ana iya ƙalubalantarsa. Sai dai "dawo gobe" ba ta barin sawu. Gobe da safe rubuta wa shugaban sashen wasiƙa cikin ladabi, ka faɗi takardar da kake so da ranar da za a rufe karɓa. Kai kofi biyu sakatariya, a buga wa naka hatimi da kwanan wata. Kada ka fita ba tare da wannan hatimin ba. Haɗa da jadawalin darussanka, da littafin da ake sa hannu bayan kowane darasi, da takardun zaman kare kundin ɗaliban da ka duba. In shiru ya ci gaba, rubuta wa shugaban tsangaya, daga shi sai shugaban jami'a, kowanne da kofin ta baya. Ka sanar da wakilin SNECS, ƙungiyar ƙwadagon malaman jami'a, sau da yawa shigarsu ke kwance irin wannan ƙulli tun bai yi nisa ba.

In aka ƙi ka a rubuce, ko aka yi shiru har wa'adin doka ya cika, sai mu nufi alƙalin da ke shari'a tsakanin hukuma da jama'a. Wa'adin shigar da wannan ƙara gajere ne, don haka kawo min takardar da zarar ta zo hannunka. Amma gaskiya, da wuya shari'a ta ƙare kafin a rufe karɓar bana, kuma da mutumin nan za ka ci gaba da aiki. Shi ya sa na fi son a gama a cikin gida.

Kafin nan, duba sauran dosiyen da idon basira. In digirinka ya ce Mahamadou, maƙalarka ta ce Mamane, nemi takardar hukuma mai tabbatar da mutum ɗaya ne. Mujallar da ke karɓar kuɗi ta buga ba tare da tantancewa ba, cire ta. Duk sakin layin da ka ɗauko daga wani, ambaci mai shi, don satar rubutu na iya jawo hukuncin ladabtarwa da ya fi asarar shekara guda.