Tambaya da Amsa: Ina Ruwan Kubanni Yake Zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman rani a bakin Kubanni. Ina kogin nan ya faro, ina ya ƙare? Kuma me ya sa da damina yake zuwa jawur har ya ci gona, da rani kuwa sai yashi? Daga mai karatu a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kubanni gajeren kogi ne, tsawonsa kimanin kilomita 21. Ya faro daga tudun Kampagi a yankin Shika, ya gangaro kudu maso gabas. Rafuka irin su Malmo da Tukurwa da Maigamo da Goruba suna ƙara masa ruwa, sannan akwai dam ɗin Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina a kansa a 1975 don ruwan sha. Daga nan ya ratsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, ya faɗa Kogin Galma. Galma ya miƙa wa Kogin Kaduna, Kaduna ya miƙa wa Neja, sai teku. Masu cewa Tafkin Chadi yake zuwa sun haɗa shi da kogunan Kano ne, waɗanda ke bin Haɗeja.

Batun jan ruwa shi ne ya fi damun mu. Ruwan saman Zariya daga Mayu zuwa Oktoba yake, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma ƙarƙashin ƙasar dutse ne da ba ya riƙe ruwa da yawa don rani. Da yake kogin gajere ne, ruwan da aka tafka a Shika da azahar kan iya iso maka kafin dare. Jan da kake gani ƙasar gonakin mutane ce. Duk inda aka yi kunya tana bin gangare, kowane kwari ya zama magudana. In ruwan ya isa dam sai gudunsa ya mutu, laka ta kwanta, dam ɗin yana ta cikewa shekara bayan shekara. Asara biyu ke nan: manomi ya rasa ƙasarsa da takinsa, masu shan ruwa sun rasa ma'aji.

Ka daina kai garma har gaɓa. Bar taki goma ko fiye ga ciyawa. Kunya ta gitta gangare. Da farkon damina ka dasa ciyawar jema a jere, tazarar faɗin tafin hannu tsakanin tushe da tushe. Saiwarta na nutsewa ƙasa ta riƙe gaɓa, in ka bar giɓi kuwa nan ruwa zai taru ya ɓalle. Kwazazzabo tun yana ƙarami ake tare shi da duwatsu, shinge gajeru da yawa, tsakiyarsu ta fi gefe ƙasa, in ba haka ba ruwan ya zagaya ya ci gefen.

In gonarka tana ƙasa da gari, ruwan da ke gudana da rani yawancinsa na kwata ne. Kada ka ba latas da tumatir shi kai tsaye. Haƙa rijiyar fadama nesa da gaɓa ka ja daga can.