Firinta ta ƙi fitowa cikin Remote Desktop

Salam ɗan'uwa, ka ce manhajar lissafin shagonku tana kan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da ita, a Yamai, kai kuma kana nan Maraɗi kana shiga ta Remote Desktop, wato manhajar Windows ta aiki da wata kwamfuta daga nesa, amma in ka zo buga rasit firintarka ba ta cikin jerin.

Fara da kwamfutarka tukuna. Ka tabbata firintar tana bugawa lafiya daga nan, sannan kafin ka danna haɗawa ka buɗe zaɓuɓɓukan Remote Desktop, shafin Ressources locales in Windows ɗinka na Faransanci ne, ka sa alama a Imprimantes. Ka fita daga sesiyon gaba ɗaya ka sake shiga, don lokacin shiga ne sabar ke ɗauko firinta, za ka ga sunanta da ƙarin lamba a baya.

Maganar direba kuma, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da firinta, tun Windows Server 2008 akwai Easy Print, shi ke turo aikin ya zo ya bi ta direban da ke kwamfutarka, don haka firintar A4 yawanci ba ta buƙatar komai a kan saba. Inda ake shan wahala shi ne ƴan ƙananan firintocin rasit ɗin nan masu bugawa da zafi, sai rubutu ya fito a yanke ko takarda ta yi ta zuba ba tsayawa. Nan kam ka roƙi mai kula da sabar ya sa direba iri ɗaya da naka, sunan ma ya zo daidai harafi da harafi, kuma ya canza saitin sabar da ke sa a fara amfani da Easy Print kafin direban.

In rezo ya yi rauni bugun zai yi nawa, ka rage hotuna da kala. Faɗa min samfurin firintar taka.